Takardar 'Yar Waje

Malama ba ta yi niyyar haihuwa a ƙasar waje ba. Ziyara ta je. Yayarta tana aure a garin da ke tsallaken gada, tafiyar minti arba'in a mota in ba a daɗe a kan iyaka ba, kuma likita ya ce mata da sauran mako biyar. Ta ce bari ta je ta kwana biyu kafin ta yi nauyin da ba za ta iya fita ko ƙofar gida ba. Ranar da za ta dawo, da hantsi, tana tsaye tana ninke kaya cikin jaka, naƙuda ta taso mata gadan-gadan.

Cikin tagwaye ne. A wani ƙaramin asibiti kusa da gidan Yaya aka karɓi ta farko, mace, wajen ƙarfe sha ɗaya. Ta biyun ta kwanta a gicciye ta ƙi fitowa. Ungozomar ta duba, ta sake dubawa, ta ce wannan ya fi ƙarfinta, sai babban asibiti. Babban asibitin da ya fi kusa kuwa yana wannan tsallaken, a ƙasar su Malama. Aka sa ta a motar asibiti, Yaya ta shiga da jaririyar naɗe a zani, direba ya kunna jiniya, masu tsaron gada suka ɗaga sanda ba su tambayi kowa komai ba. Ƙarfe ɗaya da rabi aka ciro ta biyu, ita ma mace.

Inna, uwar mijin Malama, ita ta fara kiransu 'Yar Waje da 'Yar Gida, kowa ya yi dariya, laƙabin ya bi su. 'Yar Gida ta samu takardar haihuwarta tun kafin a sallame su daga asibiti. 'Yar Waje ba ta da komai sai wata rabin takarda da ungozoma ta rubuta da hannu da harshen can, ta buga mata hatimi mai ruwan shuɗi. Malama ta ajiye ta cikin littafin lissafin aji biyar, darasin da take koyarwa, ta manta da ita. Wadda take shayar da biyu ba takarda ce a gabanta ba.

Sai da suka yi wata uku, hutun haihuwarta saura mako uku, ta leƙa makaranta don a sa yaran cikin inshorar lafiyarta. Jami'in ma'aikata ya karɓi takardar 'Yar Gida, ya juya ta 'Yar Waje sama da ƙasa, ya miƙo mata abarta.

"Malama, wannan ai shaidar ungozoma ce. Ki je ofishin rajista su ba ki ta gaske. Ba wani abu ba ne, kwana ɗaya ma kin gama."

Ranar Litinin ta bar wa Inna yaran ta tafi. Awa biyu ta yi a layi a hawa na ƙasa, da ta kai taga mutumin ciki bai bari ta ƙarasa magana ba. Ya ce haihuwar waje ba tasu ba ce, ta hau hawa na uku, ɗaki na sha huɗu. Lif ɗin ginin, injin hawa benen, an manna masa takarda mai cewa ana gyara, takardar har ta yi ja don tsufa. Malama ta kama ƙarfen matakala ta hau a hankali, ɗinkin cikinta yana tuna mata da kansa a kowane hawa.

A ɗaki na sha huɗu akwai benci biyu, da fanka mai ƙara, da taga ɗaya. Bayan tagar wata mata ce mai tabarau rataye da igiya a wuya, ba ta da faɗa, ba ta kuma da sauri. Ta saurari labarin tun daga naƙuda har jiniya, ta ce, "Ikon Allah," sannan ta zaro wata takarda ta shiga yi wa layuka alama da biro. Fom biyu. Katin shaidar uwa da na uba. Takardar aure. Fassarar shaidar ungozoma daga mai fassarar da kotu ta amince da shi. Hoton yarinya guda huɗu, farin bango, ido a buɗe, baki a rufe, kada hannun kowa ya fito.

"Baiwar Allah, watanta uku," in ji Malama. "Ko wuyanta bai gama tsayawa ba."

"Haka dai aka rubuta."

"To 'yar'uwarta fa, da ba a nemi ko inuwarta ba?"

"Ita ai a gida aka haife ta."

Mijin Malama direban babbar mota ne, mako guda a hanya, kwana uku a gida. Tun zuwan yaran kowa Baban Biyu yake ce masa, shi ma ya karɓi sunan hannu bibbiyu. Ya dawo ranar Laraba, ya ga yadda ta zube, ya ce maganar hoto ta bar masa, ta kwanta ta huta. Ya saɓa yarinya a kafaɗa ya fita. Bayan awa biyu ya dawo yana zufa yana murmushi. Ya ba da labarin yadda mai hoto ya shimfiɗa farin ƙyalle a ƙasa, ya hau kujera yana ɗauka daga sama, shi kuma yana kaɗa makullan mota yana kukan akuya don ta buɗe ido. Sau goma sha tara aka ɗauka kafin a samu ɗaya.

Malama ta karɓi hotunan ta duba. Ta dubi yarinyar da ke kafaɗarsa. Ta leƙa gadon, inda ɗayar take barcinta hankali kwance.

"Baban Biyu, wa ka ɗauka?"

"'Yar Waje mana."

"Duba bayan kunnenta."

Ya duba. Babu tawadar Allah. 'Yar Waje ce mai ɗan baƙin ɗigo a bayan kunnen hagu, kuma ga ta can a gado ba ta je ko'ina ba.

Ya ce, "To ai kamarsu ɗaya. Ni ubansu ban gane ba, sai wata mai tabarau ce za ta gane?"

"Ni na gane. Shekara ashirin nan gaba a ce hoton da ke fayil ɗinta ba nata ba ne, kai za ka je ka yi bayani?"

Inna daga tsakar gida ta ce, "Ku dai kuna da aiki. Mu da aka haife mu ba wanda ya ɗauke mu hoto, ga mu nan ba mu ɓace ba."

Washegari suka koma wurin mai hoto su biyu, da yarinyar da ta dace. Mai hoto ya gan su ya dafe kai. 'Yar Waje ba ta da haƙurin ƙanwarta, in ta buɗe ido sai ta buɗe baki, in ta rufe baki ta yi barci. Sai da rana ta karkata aka samu.

Mai fassara yana bayan kotu, a wani shago da ya raba da mai buga takardu. Kwana huɗu ya riƙe rabin takarda mai layi shida. Ranar Talata ta biyu Malama ta sake hawa benen da fayil ɗinta cike, ta jera komai a gaban taga bi da bi, kamar yadda take son ɗalibanta su jera aikinsu. Mai tabarau ta duba ta gyaɗa kai, har ta ce, "Da kowa haka yake zuwa." Ta juya ga na'urarta ta fara shigarwa. Ta tsaya. Ta goge ta sake. Ta cire tabarau ta hura musu iska ta mayar.

"Ta ƙi."

"Wa ta ƙi?"

"Na'urar. Ta ce lambar katinki ta riga ta haihu ranar nan, a babban asibitin nan garin. Mace ɗaya ba ta haihuwa a ƙasa biyu rana ɗaya."

"To ga ni a gabanki, na yi."

"Ni na yarda. Ita ce ba ta yarda ba. Ga shi kuma ungozomar can ta rubuta haihuwa ɗaya, asibitin nan sun rubuta tagwaye. Takardun sun saɓa."

"Ɗaya ta karɓa, ɗaya za ta rubuta! So ake ta rubuta wadda ba ta gani ba?"

Mutanen da ke kan benci suka fara miƙo wuya. Wani dattijo da ya zo yi wa jikansa rajista ya ce, "Yi haƙuri 'yata, ni wannan zuwana na shida." Malama ba ta ga abin haƙuri a cikin wannan maganar ba.

Mai tabarau ta ce ta koma tsallake ungozoma ta ƙara layi ɗaya, cewa akwai ta biyu a ciki lokacin da aka tafi da uwar, a sake fassarawa. Har Malama ta tattara takardunta, matar ta ce, "Af, tsaya. Ina shaidar shigowarta?"

"Shigowarta ina?"

"Ƙasar nan. Duk yaron da aka haifa a waje sai an ga hatimin ranar da ya shigo. Babu hatimi, a takarda tana can ba ta dawo ba."

Malama ta dubi ƙirjinta. Gaban rigarta ya fara jiƙewa, lokacin shayarwa ya wuce tun ɗazu. Ta jawo gyale ta rufe.

"Tana can? To wace ce take hana ni barci wata uku da rabi? Awarta ɗaya a duniya ta shigo, cikin zanin yayata, ni ina kwance ban san inda kaina yake ba. Da sai in ce direba ya tsaya a buga mata hatimi a goshi?"

"Ki samo wani abu a rubuce da ya nuna ta tsallako. Ko mene ne, in dai da hatimi."

Da ta koma gida ta tarar da ƙanin mijinta ya zo gaida Inna. Ya ji labarin ya ce abin ai mai sauƙi ne, ya san wani da zai rubuto takarda cewa duk biyun a nan aka haife su, a huta. Malama ta ce masa ita shekara tara tana kama yara da satar amsa, ba za ta fara wa 'yarta rayuwa da ita ba. Ya ce shi dai taimako ya yi niyya. Ta ce ta gode, ya sha ruwa.

Ranar Alhamis ta tsallaka gada. Ungozomar ta rungume ta, ta tambayi yaran, ta ƙara layin cikin minti biyu, ta buga hatiminta. Da Malama ta yi maganar shaidar tsallakawa, Yaya ce ta tuna cewa direban motar asibitin yana da wani littafi da yake rubutu a ciki duk inda ya je. Suka same shi a bayan asibitin yana wanke mota, wando a naɗe har gwiwa. Yana ganin Yaya ya ajiye bokiti.

"Ke ce mai yi mini ihu in ƙara wuta! Ya masu jego?"

Ya ɗauko littafin daga ƙarƙashin kujera, bangonsa duk man inji. Ya lasa yatsa ya yi ta buɗawa har ya kai ranar. Ga shi nan da rubutunsa mai kama da tafiyar kaza: mace ɗaya mai naƙuda, 'yar rakiya ɗaya, jaririya ɗaya. A gefe kuma, masu tsaron gada sun buga masa hatimi da ya dawo, kamar yadda suke yi kullum, da kwanan wata da lokaci. Malama ta kalli kalmar jaririya ɗin nan kamar ta sumbace ta. Direban ya ce littafin ba ya barin mota, amma ya bi su da kansa har shagon da ake kwafe takardu, ya tsaya a kansa aka kwafa, shugabar asibitin ta sa hannu.

Mai fassara ya sake riƙewa kwana uku. Hutun Malama ya rage kwana shida.

Ranar Talata ta uku ta ce wa Inna yau da su za ta. Ta goya 'Yar Gida, ta rungumi 'Yar Waje, ta rataya jaka, ta hau benen tana tsayawa a kowane hawa tana haki. Mai tabarau ta duba sababbin takardun, ta ce sun yi. Ta juya ga na'ura. Na'ura ta sake ƙi.

"Wannan sai Shugaba," in ji ta. "Shi kaɗai ke da ikon buɗe wurin. Yana taro."

"Zan jira."

"Taron kan kai la'asar. Ki dawo jibi."

"Zan jira."

Ta zauna a bencin da ke daidai ƙofar Shugaba. Ba ta yi niyyar komai ba, amma zafin ɗakin ya isa, fanka kuma iskar zafi take juyawa. 'Yar Waje ta fara, 'Yar Gida ta karɓa. Duk wanda bai taɓa jin tagwaye suna kuka tare a ɗaki mai rufin siminti ba bai san ƙara ba. Ta ba wannan nono, waccan ta ƙara murya, ta sauya, wannan ta ɗauka daga inda ta tsaya. Wata mata a benci ta karɓi ɗaya tana jijjigawa, abin bai yi ba. Ba a yi minti ashirin ba ƙofa ta buɗe, wani gajeren mutum mai furfura ya leƙo da kofin shayi a hannu. Babu kowa a ofishin sai shi da jarida.

"Lafiya? Na wa ne waɗannan?"

Malama ta miƙe. "Ranka ya daɗe, wannan taku ce, kun ba ta takarda. Wannan kuwa an ce tana ƙasar waje ba ta dawo ba. Shi ne na kawo ta ku ji muryarta."

Wani a benci ya tuntsire da dariya ya mayar da ita tari. Shugaba ya ce ta shigo. Ta zayyana masa komai a tsaye, ba ta tsallake ko hawa ɗaya na benen ba. Ya karanta takardar ungozoma, ya karanta shafin littafin direba, ya daɗe a kansa. Sannan ya kira mai tabarau.

"Me ya sa ba ki shigar da ita a matsayin haihuwar tagwaye ba? Akwai gurbin a shafi na biyu. In kin zaɓe shi na'urar ba ta duba wuri."

Mai tabarau ta ce ita tunda aka kawo na'urar ba wanda ya nuna mata shafi na biyu. Shugaba ya ce an yi bita. Ta ce ranar bitar ita aka bari a taga. Suka shiga musu a kan wace shekara aka yi bitar, Malama tana tsaye da yara biyu suna tsala ihu.

"Ranka ya daɗe," ta ce, "in kun gama, shafi na biyun."

Minti huɗu abin ya ɗauka. Ta duba agogon bango, don tana son ta san adadin. Aka ce ta dawo Alhamis ta karɓa, ta dawo, aka ba ta: takarda mai kauri, da hatimi mai tudu wanda ake ji da yatsa, da lambar zama 'yar ƙasa a sama. Ta tsaya a gaban taga ta karanta harafi bayan harafi, suna, rana, wuri, jinsi. Babu kuskure. Mai tabarau ta ce, "Allah ya raya," kuma da gaske take. Malama ta ce amin, ta sauka.

Baban Biyu ya dawo ranar Juma'a. Ya riƙe takardar da hannu biyu yana jinjina kai, ya ce wannan wahalar da aka sha ba za a bar ta a banza ba, yara ne a gidan, yau ruwa gobe fitsari. Malama tana wanka lokacin, ba ta ji ƙarshen maganar ba. Ranar Asabar da yamma ya shigo yana ɓoye hannu a baya, ya ce ta rufe ido. Da ta buɗe, ga takardar 'Yar Waje an manne ta cikin leda mai tauri, irin wadda ake gasawa da inji, tana ƙyalli.

"Ko a kogi ta faɗa ba abin da zai same ta," in ji shi.

Abin bai kwanta mata ba, amma ta ga yadda yake murna, ta ce ya kyauta.

Litinin ta koma aiki. Kafin a buga ƙararrawa ta shiga ofishin jami'in ma'aikata ta ajiye masa takardar a tebur. Ya ɗauka, ya shafa wurin hatimin da babban yatsa, ya sake shafawa. Inji ya danne tudun ya zama sumul. Ya juya bayanta ya nuna mata wani ƙaramin rubutu a can ƙasa, wanda ake iya karantawa tar ta cikin ledar: duk takardar da aka manne a leda ta ɓaci.

"Wa ya yi miki wannan aikin, Malama?"

Ta karɓi abarta ta tafi aji, ta koyar da rabawa mai saura har darasi biyu, yaran suka lura yau ba a yi mata wasa.

Da ta koma gida Baban Biyu yana tsakar gida yana haɗa jakar tafiya, gobe da safe zai kama hanya. Ta ajiye masa takardar a kan jakar, ta sa yatsa a kan ƙaramin rubutun. Ya karanta a hankali yana motsa baki. Ya ɗago ya dube ta, ya dubi Inna, Inna ta mayar da kanta ga tsintar shinkafarta.

"To yanzu ya za a yi?"

"Za ka kira maigidanka ka ce motar ta jira. In ka je ɗaki na sha huɗu ka ce musu sake bugawa kake so. Ka tafi da katinka da nawa, ka tafi da ruwan sha."

"Ni kaɗai? Ai ban san kowa a can ba."

"Za ka san su."

Sau uku ya je. Zuwan farko ya manta katinta, na biyu aka ce sai ya kawo wasiƙar da ke bayanin yadda takardar ta ɓaci, ya zauna a benci ya rubuta da hannunsa cewa shi ne ya ɓata ta. Ranar da ya kawo sabuwar, a cikin ambulan, ya miƙa mata daga nesa kamar mai miƙa garwashi, ya ce ta adana da kanta, shi ko wurin da ta sa ba ya son sani. Ya zauna ya cire takalmi yana matsa gwiwa. Can ya ce mai tabarau tana gaishe ta, ta kuma tambaya ko yaran sun fara zama.